Akwai Gajiya, Baba

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na ƙudura zama Kirista marar aibi ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Gidan Kwano, ina haya a unguwar Sauka Kahuta, wayar salula ta fara shigowa hannun irinmu. Aka yi taron farkaswa a cocinmu. Baƙon mai wa'azi ya ce Ubangiji ba rabi-da-rabi yake son mu ba, cikakku yake so, kuma ƙarya ba ta da 'yar ƙarama. Kowa ya ce amin, ya tafi gida ya ci tuwonsa. Ni kuwa irin mutanen nan ne da in an aike su ɗebo ruwa sai su fara haƙa rijiya.

Na zauna na binciki kaina. Giya ba na sha, sata ba na yi (takardar shago da nake nannaɗe ƙosai da ita ban sa ta a lissafi ba). Can sai na gano inda Shaiɗan ya laɓe: a cikin gaisuwa. A ce mini "Ina gajiya?" in ce "Ba gajiya", alhali yanzu na sauko daga bas, gwiwar wani ɗalibi a haƙarƙarina tun daga Gidan Kwano. A ce "Yaya gida?" in ce "Lafiya lau", ko da an kwana ana faɗa. Ashe kullum kafin in karya kumallo na riga na zuba ƙaryar da ta ishi mutum shiga wuta. Na durƙusa na yi alkawari na daina.

Wanda ya fara ɗanɗana sabuwar rayuwata shi ne Alhaji Ndagi, mutumin Bida mai shago a ƙofar gidanmu.

"Ɗan coci, ina gajiya?"

"Akwai gajiya, Alhaji. Bayana ma ciwo yake, ga cikina tun jiya bai zauna ba."

Ya ajiye mudun da ke hannunsa ya ƙare mini kallo. "Allah ya sawwaƙe. Amma ni gaisuwa na yi, ba asibiti na buɗe ba."

Na wuce ina murna an fara tsananta mini saboda gaskiya. Kafin wata ya ƙare mutanen layinmu sun koma ɗaga mini hannu daga nesa. Na ɗauka kwarjinin tsarki ne.

To, a lokacin ina neman wata yarinya, Rahila, kuma son ta nake yi na gaske. Mahaifinta, Baba Dauda, dattijo ne a cocinmu, gidansu na unguwar Fadikpe. Aka sa ranar da kawuna Bulus zai raka ni mu je gaisuwar farko, wadda in ta yi kyau sai manya su shiga magana. Ana gobe za mu je Rahila ta ce, "Don Allah wannan sabon abin naka, ka cire shi a ƙofa tare da takalminka." Na ce mata tsarki ba takalmi ba ne. (Har na ji daɗin maganar, na so a ce da akwai wanda ya ji ban da ita.)

Muka shiga falo muka durƙusa. Baba Dauda na kan kujera, Mama, mahaifiyar Rahila, na gefensa, Rahila na bayan labule kamar yadda ya dace.

"Sannunku da zuwa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya," in ji Kawu.

"Akwai gajiya, Baba," in ji ni.

Kawu ya ɗora gwiwarsa a kan yatsun hannuna. Baba Dauda ya yi kamar bai ji ba, ya tambayi mutanen gida. Kawu ya ce duk lafiya lau. Na ce ban da Goggo, 'yar'uwar Kawu, wadda ba ta yi masa magana tun rabon gona. Kawu ya yi wata dariya da ba ta wuce haƙora ba, ya ce yaron akwai barkwanci.

Ana haka Saratu, yayar Rahila, ta shigo da tiren zoɓo. Mama, baiwar Allah, ta so ta gyara zaman. Ta yi murmushi ta ce, "Ai mun daɗe muna ganinka kana zagaya layin nan. Ashe tun lokacin Rahila ce ke kawo ka?"

Wannan ba tambaya ba ce, ƙofa ce aka buɗe mini. "E, Mama" kawai ake jira, a sha zoɓo a tashi. Amma ni na ga jarabawa ce daga sama, kuma ban yi niyyar faɗuwa a gaban dattijon coci ba. Na gyara murya.

"A'a, Mama. Da farko Saratu nake bi. Da na ga ko kallona ba ta yi, sai na lura Rahila ma ba laifi."

(Wannan "ba laifi" ɗin ba wanda ya tambaye ni. Gyara na ƙara musu, irin na mai awon gyaɗa.)

Saratu ta tsaya da tire a hannu, ta rasa gaba za ta yi ko baya. Labule ya motsa, sannan ya daina. Baba Dauda ya dubi silin ya ce, "Mu yi addu'a." Muka sunkuya. Ya gode wa Allah don baƙi, don ruwan sama, sannan ya ce, "Ya Uba, ka ba wa bawanka hikima, domin gaskiya kam ka riga ka ba shi har ta yi masa yawa." Amin ɗin Kawu ta fi ta kowa ƙarfi.

Ina sa takalmi a waje Rahila ta fito. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Yanzu hankalinka ya kwanta?"

"Zuciyata fara ce tas," na ce, amma muryar ta fara raguwa.

"Madalla. Kai ka tafi da farar zuciya. Ni da Saratu ɗaki ɗaya muke kwana."

Ta koma ciki. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan tsayuwar ba. Tun da muka shiga gidan ban tuna da ita ko sau ɗaya ba, ni da tsarkina kawai nake kallo. Kawu ya tare ɗan acaɓa ya hau shi kaɗai.

Manya ba su shiga magana ba. Shekara na zagayowa aka ɗaura auren Rahila da wani malamin makaranta, mutumin kirki wanda ya iya yin shiru. Na je, na zauna a bencin baya, na ci shinkafa.

Har yau ina neman cikar nan da mai wa'azi ya faɗa, ban fasa ba. Sai dai na koyi cewa in za ka wanke zuciyarka, ka fara duba wanda ke tsaye a inda za ka watsa ruwan.