Kokawar Taɓa Hannu da Bututun Ƙofar Gidana

Shekaranjiya da hantsi na zame a ƙofar gidana, na faɗi zaune daɓas cikin taɓo da farar rigata. Bututun ruwa ne ya fashe, yau sati uku, ruwan yana bin gindin bango yana shiga ɗakin mai ɗakina. Ta riga ta yanke hukunci: in ba a gyara ba kafin ƙarshen mako, za ta kwaso kayanta ta dawo ɗakina, ni kuma in koma baranda da tabarmata. Da furfurata!

Na sauya riga na tafi shagon mai aski in huce. Na tarar ya kunna talabijin ana kokawar nan ta mutum biyu-biyu. Ga wanda bai sani ba, ɗaya ne ke shiga fili, abokinsa yana tsaye a kusurwa bayan igiya. In na ciki ya jigata sai ya taɓa hannun na waje, su yi musanya.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma in na ga aiki ina gane shi. Akwai wani mai gemu da abokinsa siriri, waɗannan sun san sana'arsu. Da sun kama mutum sai su ja shi kusurwarsu su tsare. Wannan ya murɗe masa hannu, ya taɓa ɗan'uwansa, wancan ya shigo da sabon ƙarfi ya ɗora daga inda aka tsaya. Siririn ba shi da ƙirji, amma ƙafarsa ba ta kuskure, kuma ya iya faɗuwa, wadda ita ce rabin kokawa. Na ba su tara cikin goma. Na cire ɗaya saboda wandon mai gemu bai dace da magidanci ba.

Abokan karawarsu kuwa, kaico. Akwai wani ƙato mai sanƙo, ɗan'uwansa yana rarrafe yana miƙo hannu, shi yana can yana ɗaga wa 'yan kallo damtse. Na ba shi biyu, su ma don ya zo a kan lokaci.

Mai aski ya ce, "Baba, kana ta huci, ai duk shiri ne."

Na ce, "Na sani, ɗan nan. Amma ko a shirin, suna gumi. Ofishin ruwan da nake zarya shi ma shiri ne, ban taɓa ganin wanda ya yi gumi ba."

Sai na ba shi labari. Sau biyar ina kai takardar kuka. Ranka ya daɗe Babban Mai Riƙon Hatimi ya dube ta ya ce sai Yallaɓai Mai Sa Hannu ya gani. Yallaɓai ya tafi taro. In ya dawo, sai ya ce ba ya sa hannu a takardar da ba hatimi. In na koma, Mai Hatimi ya fita cin abinci. Wallahi na yaba musu. Irin wannan taɓa hannu ko mai gemu bai kai su ba, don su a nasu wasan babu wanda ke shiga filin ma.

Mai aski ya ajiye almakashi ya ce, "To Baba, kai ne da laifi. Su biyu, kai kaɗai. Gobe ni ne abokinka."

Jiya muka isa tun ana share ofis. Mai Hatimi yana zama na tsaya a gabansa, na fara tarihin bututun tun ranar da aka binne shi. Da maƙogwarona ya bushe, na miƙa hannu baya, mai aski ya taɓa ya shigo. Jama'a, kun san bakin mai aski. Ya faro daga bututu, ya bi ta kan tsadar reza, ya gangaro kan yadda gashin Mai Hatimi yake buƙatar gyara ta ƙeya.

Mutumin ya kai hannu kan waya zai kira ɗan'uwansa, mai aski ya shimfiɗa takardarmu a kanta. Mai Hatimi ya miƙe ya ce, "Dattijo, ina da taro." Ni kuwa na riga na ja kujera na zauna a bakin ƙofa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gwiwa ce. In ta riƙe, sai ta ga dama take saki."

Ya dube ni, ya dubi mai aski da ke shirin buɗe sabon babi, ya jawo hatimi. Takarda uku ce. Tim, tim, tim! Mai aski ya ɗaga hannuna sama a tsakiyar ofis. Mai Sa Hannu ya leƙo jin hayaniya, muka ja shi kusurwa shi ma. Bai yi minti biyu ba ya sa hannu.

Yau da safe ma'aikata suka zo, kuma dole in faɗi gaskiya, ruwa ya daina shiga ɗaki. Sun rufe ruwan layinmu gaba ɗaya, sun ce gyara sai kaya sun iso. Ɗaki ya bushe, ɗakina ya tsira, na ba su biyar cikin goma.

Ina cikin ba mai ɗakina labarin nasara, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wato in an taɓa hannun mutum, shi ke shiga fili?"

Na ce, "Haka dokar take."

Ta taɓa hannuna, ta miƙo mini bokiti biyu. Famfo mafi kusa yana layi na uku. Na bi ta shagon mai aski ina miƙa hannu, sai na tarar abokin nawa ya tafi taro.