Rasuwar Turmin Yagana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta da alƙalin da za ta kai wa ƙara, ni Ibram mai kanwa na unguwar Hausari, Nguru, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan fatauci na nan gari da na Gashua rasuwar turmin gidana, wanda kowa ya sani da turmin Yagana. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a ƙofar falon ɗana Sabitu, jikinsa sanye da shuɗin fenti, bakinsa cike da ƙasa.

Marigayin ɗan kirya ne, ba irin farin itacen nan da ake ɗora wa mutane a kasuwa yanzu ba. A jirgin ƙasa ya iso Nguru. Surukata ce ta zaɓe shi a bakin tasha, bayan ta ƙwanƙwasa duk turamen da aka sauke ta saurari muryar kowanne. Rana ɗaya suka shigo gidana shi da matata Yagana, Allah ya jiƙanta, sai dai shi ya riga ta, don a amalanke aka kawo shi da safe, ita kuwa sai da yamma.

Ina ba da shaida a kansa, kuma ba na ba da shaidar zur. Bai taɓa ƙin aiki ba. Ya daka gero da dawa, ya daka kuka da busasshiyar kuɓewa, ya daka yajin jego na duk haihuwar da aka yi a gidan nan. Shekarar fari har goruba ya daka yara suka ci, bai tsage ba. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa jiran a kawo wuta ba.

Muryarsa kuwa, duk wanda ya zauna a layinmu ya san ta. Dum, dum, sai Yagana ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu sau ɗaya, taf, ta cafe. Ina zaure ina awon kanwa, daga wannan tafin nake sanin lafiya lau ake a cikin gida. Ranar da na ɓata mata rai, dakan yana nan, tafin ne babu.

Yana da aiki na biyu wanda ya fi daka girma. A gidanmu, tun kakannina na Haɗeja, in za a kai yarinya ɗakin miji, turmin uwarta ake kifewa ta zauna a kai, tsofaffi su yi mata wankan amarya. Manyan 'ya'yana mata biyu a kansa aka wanke su. Da ciwo ya kwantar da Yagana, autarmu Haula tana makarantar sakandare. Yagana ta kira ƙanwata Kaltum, wadda ita ke wanke amaren gidan nan, ta ce mata, "Kaltum, ba zan ga na Haula ba. Ki zaunar min da ita a kan turmina." Ina tsaye a bakin ƙofa na ji. Ba ta bar wasiyyar zinariya ba, ba ta bar ta atamfa ba, sai wannan.

Bayan rasuwarta aka koma kai niƙa inji. Marigayin ya samu hutu, yana kife a jikin katanga, lafiyarsa ƙalau.

Ga yadda jinyarsa ta fara. Sabitu ya auro Shuhada daga Gashua. Ba zan ci haƙƙinta ba: tana da ladabi, kuma hannunta yana da kyau. Ta koyo wata sana'a a cibiyar mata ta can, ta mai da tsofaffin kaya abin ado. Tun zuwanta babu tsohon abu a gidan nan da ya sake kwanciyar hankali. Fitilar ƙwai da na yi karatun allo da ita an ɗaure ta da duwatsun wuya an rataye. Tasoshin Yagana da suka huje an zana musu fure an manna a bango. Faifai ya samu madubi a tsakiya. Kwalabe sun sha zaren ulu. Matan unguwa suka riƙa kwaso nasu tarkacen suna kawo mata, suna fita suna sa albarka. Na ƙyale ta, don fitila ba ta da wasiyya a kanta.

Wata damina na tafi Machina ɗaurin aure, na dawo na tarar da wani baƙo a ƙofar falo: shuɗi, da zoben ruwan gwal a wuya, da guntayen madubi zagaye da cikinsa, wani ganye mai jan baki wanda ba a miya da shi yana tsaye a kansa. Sai da na ga tabon wuta a gefensa na gane shi.

Na kira Shuhada. Ta durƙusa ta ce, "Baba, na ga kaji ne ke kwana a kansa, na ce kayan Inna bai kamata ya wulaƙanta ba. Yanzu duk wanda ya shigo sai ya tambaya." Na ce a zubar da ƙasar nan. Sabitu ya ce, "Baba, ai raya shi aka yi. An sa leda a ciki, ruwa ba ya taɓa shi. Ranar bikin Haula sai a juye a kife." A kan wannan magana na bar shi. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne, malamarsu ta koya musu cewa duk abin da za a yi shuka a ciki sai an huda gindinsa ruwa ya riƙa fita. Da ƙarfe mai zafi aka huda shi, har da ledar.

Daga wannan damina na fara jin daka a gidana. Ba da dare ba, kada wani ya ce mafarkin tsufa ne. Da hantsi, rana tsaka da fitowa, ina zaure mutane suna wucewa. Dum, dum, can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana an toshe masa baki da tsumma. In tsaya in jira tafin, ba ya zuwa. In leƙa tsakar gida, babu kowa sai Shuhada da buta tana ba ganyen nan ruwa. Na faɗa wa Sabitu, ya ce injin niƙan Dunoma ne na bayan layi. Inji ba ya tsayawa ya ja numfashi bayan bugu biyu. Na faɗa wa liman, ya ce in yawaita yi wa mamaciya addu'a. Na yawaita. Dakan bai daina ba, damina da rani.

Haula ta gama karatun koyarwa, ta kawo wanda take so, ɗan Gashua, aka sa rana Juma'ar nan mai zuwa. Kaltum ta iso daga Dapchi ranar Lahadi, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ce a juye turmi ya sha iska. Sabitu ya rungume shi ya ɗaga. Jikin ya taso, gindin ya zauna a ƙasa, baƙi ƙirin, saiwa ta saƙe shi. Shi da ake jin muryarsa har bakin titi, ya rabu biyu ko ƙara bai yi ba. Kaltum ta tsuguna ta taɓa cikinsa, itacen ya biyo yatsunta kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Ta ɗago ta ce, "Yaya, wannan ai ya daɗe da mutuwa. Fenti ne kawai ke riƙe da shi."

Haula ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Baba, Inna ta ce a kansa." Kafin la'asar maƙwabta sun aiko da turamensu aro, Allah ya saka musu. Ta ce a mayar, ita ba turmi ta rasa ba.

Tun ranar dakan ya tsaya. Ina zama a zaure da hantsi, ba na jin komai, kuma wannan shirun ya fi dakan nauyi.

Marigayin ya rasu ya bar abokiyar zamansa taɓarya, wadda ta tsira don ta faɗa bayan rumbu ba a gan ta ba. Ya bar rariya da matankaɗi, ya bar amaren da suka zauna a kansa, yanzu duk da 'ya'yansu. Ya bar amarya ɗaya da bai samu ɗauka ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Laraba da safe za a yi masa wanka, wato a kankare fentin nan da madubai har sai kirya ta fito, don ba zai tafi da kayan da ba nasa ba. Shuhada ce za ta yi. Ba ni na sa ta ba, ita ta zo da kumburarrun idanu ta ce, "Baba, ni na shafa, a bar ni in cire." Na bar ta. Sabitu zai faskara abin da ya rage mai ƙwari.

Mu ba ma ƙona mamatanmu, shi ya sa na je na tambayi liman, ya ce itace itace ne. To, ranar Alhamis bayan la'asar za a hura wuta da shi, shi kaɗai, ba a haɗa shi da ko tsinke ba, a ɗora tukunyar ruwan wankan Haula. Tunda bai iya ɗaukarta ba, ya ɗumama mata ruwa. Kaltum za ta shimfiɗa mata tabarma a gindin dogonyaro, daidai inda zamansa ya lotsa ƙasa lokacin Yagana, a nan za a wanke ta. A wannan gurbin kuma za a binne tokar. Taɓarya za ta bi Haula ɗakinta a Gashua, da sharaɗin ko man gyaɗa ba za a shafa mata ba sai an tambaye ni.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida. Mai zuwa ya zo da addu'a ga Yagana, kada kowa ya kawo fure. Ranar Asabar da hantsi kuma, bayan an kai amarya, ina roƙon kada kowa ya yi mini sallama a zaure, Dunoma ya yi haƙuri ya kashe injinsa na ɗan lokaci. Ba dakan nake jira ba. Tafin nake so in ji.