Yadda Na Kusa Kashe Baffa da Tausayi

Ba zan taɓa mantawa da ƙwaryar furar nan ba, ko da kuwa zan manta sunan makarantar da na yi. Lokacin ina ɗalibin kiwon lafiya, aka tura ni koyon aiki wani ƙaramin asibiti can gaba da Kende, hanyar iyakar Benin. Gado huɗu ne, da ni, da Hajiya Kulu shugabar wurin, sai Tabawa mai shara, wadda ta girme ginin kansa.

Kafin in tafi na kalli wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, na barkwanci, inda wani tsagera ya faɗa harkar asibiti yana kunyata manyan likitoci da tausayinsa. Sau tara na kalle shi (sau shida na yi kuka, sauran ukun akwai mutane a ɗakin). Na tashi na rantse wa kaina cewa duk mara lafiyar da ya faɗo hannuna, ko dai ya warke ko tausayina ya ƙarasa shi. Ashe na biyun ne ya kusa faruwa.

Sati na biyu Hajiya Kulu za ta Bagudo karɓo magani, sai washegari za ta dawo. Tana shirin fita sai ga wani mutum mai suna Bello, ya goyo wani dattijon Bafillace da ake kira Baffa a babur daga tsallaken iyaka, zazzaɓi ya cinye shi. Ta duba shi, ta rubuta magani, ta ja kunnena: wannan ƙwayar ba a shan ta ciki babu komai, lallai ya ci abinci. In ya ƙi ci har ta dawo, sai dai a ɗauke shi zuwa babban asibiti, kuma kowa ya san hanyar nan ko mai lafiya sai ta kwantar da shi. Na ce ta tafi hankali kwance, ta bar shi hannun gwani.

Ina juyowa sai na hango Bello can waje gindin dogon yaro, ya bar tsoho shi kaɗai a gado. Raina ya ɓaci. Na ce wato wannan irin 'ya'yan zamani ne, ya kawo uba ya yar. Na fita na yi masa wa'azi mai tsawo kan haƙƙin iyaye, na kamo hannunsa, na dasa shi kan benci dab da kan Baffa, na ce ko salla zai je sai ya nemi izinina. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi farar rigata, ya sunkuyar da kai. Na ɗauka nadama ce.

Aka kawo fura. Baffa ya juya fuska bango.

Na ce ba komai, a fim ma ba da wuri ake nasara ba. Na ba shi labarin dariya, shiru. Na kwaikwayi kukan saniya, na ce Bafillace ne dai, ko zai ji gida. Ko gezau. Na saya masa soyayyen kifi da kuɗina (ni da nake kwana da gari da ƙuli), ya ƙi ko kallonsa. Tabawa ta raɓo da tsintsiyarta ta ce, ɗan nan, da ka bar mutumin ga ya koma waje. Na tsayar da ita, na yi mata bayani cewa irin wannan tunanin ne ya lalata asibitocinmu, mara lafiya ba allura kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar nasa kusa da shi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce to, Allah ya ba da sa'a, likita. Ta ci gaba da shararta.

Washegari Baffa ya ƙara yin laushi, idanu sun faɗa, magani na ajiye ban iya ba shi ba. Tsoro ya fara kama ni, amma maimakon in tsaya in yi tunani sai na ƙara wuta. Na tara masu jinyar sauran gadajen da wata mai awon ciki da ta zo wucewa, na jera su kewaye da gado. Na ɗauki ludayi na cusa a hannun Bello, na ce yau da hannunka za ka ba mahaifinka a baki, mu kuma za mu yi tafi. Bello ya riƙe ludayin kamar an ba shi maciji. Baffa ya ja bargo ya rufe har kansa. Ni kuwa ina gaba ina tafi ni kaɗai, ina rera waƙar da na ƙirƙira nan take, wai sha fura Baffa, sha fura.

A haka Hajiya Kulu ta shigo da kwalin magani a hannu.

Ta dubi ludayin, ta dubi Bello da zufa ta jiƙa masa riga, ta tambayi Tabawa ko ɗansa ne.

"Wane irin ɗa? Mijin ɗiyarsa ne, ta fari ma. Tun jiya na so in faɗi, likita ya ce ni ce na lalata asibitoci."

Jama'a, ni da aka haifa tsakiyar Fulani, na sha nono kasuwar Bagudo tun ban san kaina ba, na san Bafillace ya gwammace yunwa ta kai shi kabari da ya tauna abu gaban surukinsa. Na sani sarai. Fim ne kawai ya rufe mini ido. Kwana biyu ina fama da ciwon Baffa, ashe ni ne ciwon.

Hajiya ta kori kowa, ta ajiye ƙwaryar kusa da gado, ta saki labule, ta fito. Muna tsaye a baranda, ba a yi minti biyu ba muka fara jin ƙwas, ƙwas, ludayi na kankare gindin ƙwarya. Can sai ga murya siririya daga bayan labule tana tambaya ko kifin nan na jiya yana nan. Mai awon ciki ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ni kam da ƙasa za ta yi mini alfarma ta tsage, da na gode mata.

Kwana uku Baffa ya miƙe. Ranar da za a sallame shi ya kama hannuna, ya juya wurin Hajiya da Hausarsa ta Fulani.

"Yaron kirki ne, zuciyarsa fara. Amma in na sake kwantawa nan, don Allah ku ba shi hutu."

Har na gama koyon aikin, Tabawa ba ta sake kirana da sunana ba, sai Likitan Yunwa. Ban daina tausayi ba, kuma ba zan daina ba, wannan rantsuwa tana nan. Sai dai yanzu in na ga mutum ya kawo mara lafiya ya koma gindin itace, ba na fara wa'azi. Ruwa nake kai masa can inda yake, in tambaye shi a hankali: malam, dattijon nan mene ne naka?