Tafintan Farfesa a Daurawa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a Daurawa ba, ko da zan shekara ɗari a duniya. Lokacin ina shekarata ta biyu a karatun digirin digirgir a wata jami'a a ƙasar Holan, ina bincike kan abin da ke sa kwatocin unguwannin Kano toshewa duk damina. Ni haifaffen Gyaɗi-Gyaɗi ne, saboda haka a sashenmu ni ne gwani. Da na buɗe baki a taron ɗalibai na ce "mu a Kano", sai ka ga kowa ya ɗauki biro. (Abin da daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na sha sanyi, na ci burodi da cuku har na ƙoshi da su, amma wannan girmamawar ta share min hawaye.)

Tun kafin in yi hira da ko mutum ɗaya na riga na yanke amsar bincikena: rashin wayewa ne, mutane ba su san illar zuba shara a kwata ba. Babi guda cur na rubuta a kan haka, da Turanci mai nauyi.

Da zan dawo gida tattara bayanai, malamar da ke duba aikina, Farfesa Marta, ta ce za ta biyo ni ta yi mako guda. Dattijuwa ce marar yawan magana, kullum da ɗan littafi a hannu. A filin jirgi ta ce min, "Sannu da aiki." Na yaba mata ƙwarai, har na koya mata "Na gode" don ta samu ƙari.

Ranar Talatar muka hau adaidaita sahu zuwa gidan Mama Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, wadda ta koyar da ni a aji huɗu kafin ta yi ritaya. Da gangan na zaɓe ta, don na san za ta yabe ni a gaban baƙuwa. Ta kawo mana zoɓo, na kunna na'urar ɗaukar murya, na gyara zaman hula, na tambaye ta ko jama'a sun san zuba shara a kwata yana jawo ambaliya.

"Ɗana, wa ye bai sani ba?" in ji ta. "Ruwan ai ɗakunanmu yake shiga. Matsalar, ina za mu kai sharar? Bolar da muke da ita an yi shaguna a wurin. Kai ma da kana ajina, kai ne na ɗaya a darasin tsafta, amma sau nawa na kama ka kana juye bokitin sharar gidanku a kwatar bayan makaranta? Rashin sani ne ya sa ka?"

Cikin numfashi ɗaya ta rushe min babina, ta kuma haɗa da mutuncina. Na dubi Farfesa, tana jira da biro a hannu. Sai na yi gyaran murya, na ce mata da Turanci, fuskata ko gezau: "Ta ce akwai buƙatar a wayar da kan jama'a sosai. Ta kuma ce ni ne na ɗaya a ajinta." (Rabin ƙarshen dai gaskiya ne, ku shaide ni.)

Farfesa ba ta rubuta komai ba. Ta ajiye biron, ta juya wajen Mama Rifkatu, ta ce da Hausa garau irin ta mutanen Filato:

"Mama, yaushe aka yi shagunan a wurin bolar? Shi kuma wannan, kullum yake zubarwa ko sai jefi-jefi?"

Zoɓon da ke bakina ya rasa hanyar wucewa. Mama Rifkatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kullum, 'yar'uwa, kullum." Daga nan suka ɓarke da hira, aka bar tafinta riƙe da kofi. A nan na ji cewa a wani ƙauye kusa da Jos aka haifi Farfesa, iyayenta suna aikin asibiti, sai da ta zama budurwa suka koma ƙasarsu. Nan take na tuna duk wayoyin da na yi da yayata da Hausa a bakin ofishin Farfesa, ina cewa tsohuwar nan ta fiye tsanani.

A hanyar komawa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Hausarta ta yi tsatsa, shi ya sa take jin nauyin yi, ni kuma ban taɓa tambayarta ba. Sannan ta ce sauya maganar wanda aka yi hira da shi laifi ne da kan raba ɗalibi da karatunsa. Wannan karon za ta ɗauke shi a matsayin ruɗewa, amma daga yau kowace hira sai na rubuta ta da Hausa, kalma bayan kalma, ta karanta da kanta.

Na jefar da babin. Na zaga Tarauni da Ƙauyen Alu ina sauraron mata da direbobi da masu shago, bakina a rufe. Abin da suka faɗa min shi ya zama kundina, ya kuma fi wanda na tsara a kaina nesa ba kusa ba. Na ci jarrabawar kare shi ba tare da gyara mai yawa ba.

Yanzu, kafin in yi wa kowa tafinta, sai na fara tambayarsa inda aka haife shi. Kuma ko ya ce min a duniyar wata ne, abin da aka faɗa shi nake faɗa.