Ranar da Na Hana Mutane Gaisuwa a Sayam

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki lasifika a sansanin Sayam na hana bayin Allah gaisuwa. Gaisuwa fa. Ni da aka haifa a Damagaram, garin da in ka wuce babba ba ka tambaye shi kwana da gajiya ba, kafin ka isa gida an riga an kai ƙararka. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko tuwo nake ci sai in tsame hannu.

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Yamai ba, wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni aiki ta tura ni Difa. Shekarun nan ne da mutane ke ta tsallako kogin Komadugu daga Najeriya suna gudun rikici, wasu da tabarma da tukunya, wasu da rigar jikinsu kawai. Aikin da aka ba ni shi ne in rubuta manhajar da za a riƙa rajistar sabbin zuwa da ita, domin sai an yi wa gida rajista ake ba shi katin karɓar abinci. Ba rajista, ba kati. Ba kati, ba hatsi. A biro, wato ofishinmu, ana ce mini "Mushe enformatisiyan", wato Malam masanin kwamfuta da Faransanci, kuma gaskiya kaina ya kumbura (har gilashi na saya, alhali idona ƙalau yake).

Bari in yi muku bayanin abin a taƙaice, don ku gane irin wautar da na tafka. Duk sunayen da ake ɗauka suna shiga wani rumbun bayanai ne da ke cikin wata ƙaramar kwamfuta da muke tafiya da ita sansani. Tsakanin manhajata da rumbun akwai wani abu da muke kira ORM, tafinta ne kawai: ni in ce masa "ga gida, ga mutanen cikinsa", shi kuma ya juya maganar zuwa yaren da rumbun ke ji. To amma tafintan ba ya isa ga rumbu sai ta layi, kuma layukan 'yan kaɗan ne, an tara su wuri ɗaya ana aro, kamar gugar rijiyar unguwa. Ka ɗauka, ka ja ruwanka, ka ajiye wa na baya. In duk an ɗauke, na baya sai ya tsaya jira.

Ni kuwa da gwanintata sai na tsara cewa da zarar mai rajista ya danna "sabon gida" a tabilet ɗinsa, manhajar ta ari layi ɗaya ta riƙe, ba za ta mayar ba sai ya gama cike komai ya danna "ajiye". Dalilina wai kada mutum biyu su ɗauki lambar gida ɗaya. Na gwada a biro ya fi a ƙirga. Ina zaune ƙarƙashin fanka, in danna, in rubuta sunan ƙarya, in ajiye, kafin shayina ya huce na yi wa rabin gari rajista. Ban taɓa ganin ya tsaya ba. Da shef ɗinmu, wato shugabanmu Malam Isufu, ya tambaye ni ko in kira na sama da ni a Yamai ya duba aikin kafin mu fita da shi, sai na ce masa, "Shef, wannan ko jariri aka ba ba zai iya lalata shi ba." (Allah Ya yafe mini, har da ɗaga gira.)

Ranar da abin ya faru mun bar Difa da sassafe. Dokar ƙungiya a wancan lokacin ita ce duk motocinmu su baro sansani kafin la'asar ta yi sanyi, saboda halin tsaro, kuma ba kullum ake ba da izinin fita ba. Wanda bai samu rajista ranar ba, sai wani zuwan, wanda ba mai iya cewa yaushe. Mun tarar da mutane sun cika gaban rumfa, mata da yara sun fi yawa. Saboda yawansu aka ƙaro mana masu rajista daga cikin 'yan sa-kai, aka raba musu tabilet. Cikin ma'aikatanmu na dindindin akwai Falmata, Babarbariya 'yar Difa, wadda ke da dangi a tsallaken kogi. Ita ce ta fi kowa iya magana da tsofaffi.

Da farko komai lafiya. Ina ta zagaye da hannu a aljihu kamar mai gona ranar girbi. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai na ji an ce, "Mushe, abin nan ya tsaya." Na waiwaya, sai wani ma ya ɗaga nasa. Kafin in ankara duk tabilet ɗin suna ta juya ɗan da'irar nan ta jira.

"Rezo ne," na ce, wato sabis ne ya ɗauke, ban ko duba ba.

Babu ruwan rezo a ciki, domin kwamfutar tana nan cikin rumfa tare da mu, ni ma na sani. Amma a ƙasarmu in ka ce rezo ne ba mai yi maka gardama. Na sa direbanmu ya ɗaure na'urar waifai a saman sanda ya riƙa juya ta gabas da yamma, bawan Allah yana ta gumi yana tambayata, "Ya kama?" Na kuma ba da umarnin da duk wanda bai san abin yi ba yake bayarwa: kowa ya kashe ya kunna. Abin da ban lura ba, duk wanda ya kashe a tsakiyar rajista, layin da ya ara bai koma ba, yana can a riƙe da sunansa, shi kuma yana kunnawa ya sake neman wani. Wato da bakina na ce a ƙara zubar da abin da ya rage.

Na kashe kwamfutar rumbun na tayar. Ta yi aiki na ɗan lokaci, na fara murmushi, ta sake tsayawa. Sai na ce ai layukan ne suka yi kaɗan, na shiga na ninka yawansu har ban san iyaka ba. Ita kuwa 'yar kwamfutar nan mai shan batirin sola ta ɗauki zafi, rumbun ya fara korar kowa, har teburin da ke buga kati ya tsaya cak. Malam Isufu ya zo ya tsaya a kaina, sai duba agogo yake. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan azahar, idona ya raina fata, na yi abin da ya kamata in fara yi tun safe: na buɗe inda manhajar ke rubuta kokenta na karanta. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, layi bayan layi, ta jira layin rumbu har ta gaji. Na leƙa rumbun in ga uban me layukan ke yi. Ba sa komai. Duk a buɗe, duk a riƙe, ba mai aika ko harafi ɗaya. Na ɗaga kai ina tunanin wane aljani ne ya riƙe su, sai idona ya faɗa kan Falmata.

Tabilet na kan cinyarta a kunne, ta danna "sabon gida", amma hannayenta biyu suna cikin na wata tsohuwa. Jikoki sun zagaye tsohuwar, ƙaramin yana barci a kafaɗar babbar. Barbarci suke, ba na ji sosai, sai "wushe, wushe" da nake tsinta, amma kowa ya san muryar ta'aziyya in ya ji ta. Na duba sauran tebura, duk haka ne. Mutum ya zauna, mai rajista ya danna maɓalli don ya nuna ya shirya, sai a shiga ina kwana, ina gajiya, ya hanya, ya yara, wa kuka baro, wa ya rasu, Allah Ya jiƙansa, a shafa fatiha. Sai an gama wannan ake tambayar suna. Mutanen ƙaryar da na gwada aikina da su a biro ba wanda aka kashe wa kowa.

A nan ne ya kamata in yi hankali. Na gano ciwon, saura magani. Amma rana ta karkata, layi bai ragu ba, shef na kaina, ga kunyar alfaharin da na yi tana cina. Sai wani abu ya hau kaina. Na fisgi lasifikar da ake kiran mutane da ita, na hau kan benci (na hau benci fa, jama'a), na kwarma ihu:

"A daina gaisuwa! Ban da gaisuwa! Gaisuwar nan taku ce ke kashe mana na'ura! Suna kawai, a faɗi suna a tashi!"

Kuma don kada wani ya ce bai ji ba, na maimaita da Faransanci.

Direba ya sauke sandarsa a hankali. Falmata ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Tsohuwar ta zare hannunta daga na Falmata, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara mayafi. Da Hausarta ta Barebari, a hankali, ba faɗa ba tsawa, ta ce:

"Ɗana, ka yi haƙuri. Tun da muka fito, yarinyar nan ce ta fara tambayata 'ya'yana. Ban san zai ɓata muku aiki ba."

Haƙuri ta ba ni. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Ta tattara jikokinta ta fita daga rumfar, wasu dattawa maza suka tashi suka bi bayanta. Ni kuwa ina kan benci da lasifika a hannu, na rasa yadda ake saukowa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam Isufu ne ya zo ya karɓi lasifikar daga hannuna kamar yana karɓar wuƙa a hannun yaro. Ya ce in gaya masa matsalar da Hausa, ban da Turancin makaranta. Na gaya masa. Ya ce, "To, da ka bi su ɗaya-ɗaya ka ce su gama gaisawa kafin su danna maɓallin, ba shi ke nan ba?"

Shi ke nan kuwa. Haka aka yi. Na mayar da layukan yadda suke, na tayar da kwamfutar, aka raɗa wa masu rajista a kunne, aiki ya tafi sumul har lokacin tashi. Falmata ta fita neman tsohuwar tsakanin tantuna, ba ta same ta ba kafin direbobi su fara danna hon ɗin tafiya.

Gyaran gaskiyar bai ɗauke ni wuni ba. Na sa manhajar ta daina aron layi sai lokacin ajiyewa, ta ara ta rubuta ta mayar nan take, lambar gida kuma rumbun ya riƙa bayarwa da kansa. Na sa wa kowane layi wa'adi, in an riƙe shi ba a komai a ƙwace. Na kira na Yamai ya duba, ya yi dariya har da tari, na haɗiye.

Da aka sake ba mu izinin zuwa Sayam, na sayi goro da sukari, na roƙi Falmata ta raka ni in ba tsohuwar haƙuri in yi mata rajista da hannuna. Maƙwabtan tantinta suka ce ta ɗan zauna tana ci a kwanonsu, daga baya ta ce nauyin ya yi musu yawa, ta kwashe yaran ta koma wajen bakin kogi, wai ko za ta samu aikin tsinkar tattasai. Bakin kogin da kowa ya san irin hare-haren da 'yan bindiga ke kaiwa a can lokacin. Na koma rumbun ina neman ko sunanta, in ba abokan aikinmu na wancan gefen su cigita. Babu. Rajistar da ba a danna mata "ajiye" ba, ORM yana share ta ne kamar ba a taɓa farawa ba, kuma ni na tsara hakan. Falmata ma ba ta kai ga tambayar sunan ba, "Ya", wato uwa da Barbarci, kawai take ce mata. Har na bar Difa ban ji labarinta ba, kuma har yanzu ina sa ta a addu'a ba tare da na san wa zan ambata ba.

A biro kuwa "Mushe enformatisiyan" ya mutu, aka raɗa mini "Ban-da-Gaisuwa". In na shigo na ce ina kwananku, sai wani ya sa yatsa a baki ya ce, "Shhh, kar ka kashe na'ura." Ban taɓa jin haushi ba, na ci abin da ya fi haka.

Yanzu duk manhajar da na rubuta, kafin in ce ta yi, sai in buɗe ta, in bar ta a buɗe, in fita in gaisa da mutane gaisuwa ta sosai, har da tambayar marasa lafiya da waɗanda suka yi tafiya. In na dawo na tarar ta mutu, to ba ta isa fita cikin jama'a ba tukuna. Haka ma mai ita.