Ranar da Na Nuna wa Kwamiti Lambun Baba Sahabi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar nan ba, ko da kuwa zan so in manta. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin gandun daji a yankinmu na Wurno, an damƙa mini kula da wani filin dashe da gwamnatin jiha ta ware wa kuɗi don tare kwararowar hamada, can ta hanyar Goronyo. Aikina in riƙa zuwa ina dubawa, in rubuto rahoto. Rahoto kam na rubuta shi a kan kari. Zuwan ne ban taɓa yi ba. (Da farko babur ɗina ne ya lalace. Bayan an gyara shi, ni ma ban san abin da ya lalace ba.) Duk bayan wata uku sai in kwafe na baya, in sauya kwanan wata: itatuwa sun kama, suna girma.

Ina zaune ina cin ƙosai sai ga shugaban sashenmu, Malam Umaru, ya faɗo ofis hula a karkace. "Tashi! Kwamitin majalisa mai kula da muhalli sun gama da Rabah da wuri, ga su nan ƙofa. Sun ce ba su sa hannu ga kasafin baɗi sai sun ga dashen bana da idonsu. Kai za ka shiga motar gaba ka nuna hanya."

Na ajiye ƙosan na bi shi. Aka tura ni gaban mota kusa da direba, shugaban kwamitin yana baya, wani dattijo mai gilashi wanda ba ya dariya, rahotannina a kan cinyarsa. Bayanmu motoci uku, har da mai ɗaukar hoto.

Muka bar kwalta. Duk inda hanya ta rabu biyu sai direba ya kalle ni, ni kuma in kalli sama in ce dama, ko in ce hagu, duk wadda bakina ya riga kamawa. A raina ina ta lissafin yadda zan gaya wa maiɗakina an kore ni, ga ta da tsohon ciki. Har na fara addu'ar taya ta fashe.

"Malam, da saura?" in ji shugaban.

"Mun kusa, ranka ya daɗe," na ce, ba ni da masaniyar ko a Goronyo muke ko mun koma Rabah.

Sai ga wani wuri kore shar a gefen fadama, an kewaye shi da ƙaya, itatuwa layi-layi. Na ji kamar an sauke mini dutse. "Ga shi nan! Tsaya!"

Muka sauka. Tsoro ya sa ni surutu. Na shiga bayani, ina nuna wancan ina dafa wannan, ina cewa haka muke ban ruwa, haka muke fama da awaki. Malam Umaru sai gyaɗa kai yake, ana ta ɗaukar hoto. Wani ɗan majalisa ya ce, "Amma takarda ta ce dogon yaro aka dasa, waɗannan ai mangwaro ne." Na ce, ba ko ƙifta ido, "Mun inganta tsarin ne, ranka ya daɗe." (Har yau idan na tuna wannan maganar sai in rufe fuska.)

A nan ne wani tsoho ya fito daga bayan itatuwan, wando a naɗe, bokiti a hannu. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa, sannan ya dube ni.

"Yaro, mi kaka hwaɗi? Wanga lambu nawa na. Ni nad dasa su da hannuna, tun ba ka gama makaranta ba."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai "Baba, ina kwana," alhali rana ta take.

Shugaban ya cire gilashinsa. "Baba, mi ne sunanka?"

"Sahabi."

"Ka san wanga mutum?"

"Ban taɓa ganin shi ba, ranka shi daɗe. In na gwamnati kuka biɗa, ku taho in gwada muku."

Haka tsohon nan ya shige gaba, 'yan majalisa na biye, ni a can ƙarshe. Filin namu yana bayan wani tudu. Allon sanarwa ya yi tsatsa, wayar shinge ta kwanta, yawancin ramukan dashen ba komai sai rairayi. Layi ɗaya kawai ya rayu, na kusa da lambun, wanda Baba Sahabi ke zuba wa ragowar ruwa don tausayi.

Shugaban ya buɗe rahotona na ƙarshe ya miƙo mini. "Karanta muna, da ƙarfi." Na tsaya gaban busassun ramuka na karanta cewa itatuwa sun kama, suna girma. Muryata kamar ta ɗan akuya. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Sati biyu na yi ina jiran takardar kora. Da ta zo, ta gargaɗi ce mai zafi, da jinkirin ƙarin girma. Shirin bai mutu ba. Kwamiti ya nemi a riƙa ɗaukar mutanen ƙauye su yi renon dashen, aka fara da Baba Sahabi. Ni kuwa aka ɗora mini zuwa filin duk Litinin, kuma sai Baba ya dangwala yatsa a takarda kafin a yarda na je. Yana ganina zai ce, "Ga mai inganta tsari ya iso."

Abin da na koya bai da yawa. Idan ba ka san hanya ba, faɗa tun a bakin ofis. Kunyar can, kai da mai gidanka ne kawai. Ta daji kuwa, da mai hoto ake zuwa.