Man Riɗin Kawu da Ƙofar Ma'aikata

Ni ne farkon ɗan unguwarmu a Gadarif da ya samu aiki a cikin jirgin sama, don haka maganata ba ta da ja. Ina hutu Kawu Sale ya tashi zuwa Jidda wurin 'yarsa, muka yanki tikiti tare. Ya tambaye ni ko ya sa galan ɗin man riɗin gonarsa a babbar jaka.

Na ce, "Riƙe abinka a hannu, Kawu. Ta ƙofar ma'aikata za mu bi. Wa ya isa ya taɓa kayanmu?"

A filin jirgi na wuce dogon layin fasinjoji cikin jallabiyata, ina kaɗa katin aiki. Kawu na biye da ni, yana yi wa mutane sannu da tsayuwa.

Askarin da ke tsaron ƙofar ya dubi katin, ya dube ni. "Kana bakin aiki yau?"

"Hutu nake."

"To kai fasinja ne, ya zol. Koma layi." Ya zol ɗin nan shi ne "malam" a Larabcin garinmu.

Muka koma can ƙarshe, waɗanda Kawu ya yi wa sannu suna yi mana sannu da dawowa. A wurin bincike aka ƙwace man, aka sa Kawu ya cire rawani.

Yanzu ko ƙofar masallaci na nufa, sai wani ya ɗaga murya: "Kaftin, kana bakin aiki?" Kawu kuwa duk kakar riɗi yana aika wa dangi mai. Ni galan yake aiko mini, babu komai a ciki.